Wa ke riƙe da wayar? Kafin asibiti ya fara nuna wa marasa lafiya sakamakonsu ta intanet

"Assalamu alaikum Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma. Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati, yanzu ni ke kula da wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin garin Gombe. Muna da likitoci biyu da ɗakin gwaje-gwaje, muna awon ciki da karɓar haihuwa. Wani kamfani ya kawo mana manhajar da mara lafiya zai riƙa shiga ta wayarsa ya ga sakamakon gwajinsa, ya kama layin ganin likita, ya kuma turo tambaya. Sun ce ta fi WhatsApp ɗin da muke tura wa mutane sakamako da shi yanzu. Mai asibitin yana so, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don yawancin matan da ke zuwa mana lambar miji suke bayarwa. Shin abin yana da aminci? In za mu karɓa, me za mu kiyaye don kada mu tona asirin mutane ko mu jawo wa kanmu shari'a?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya kika yi wannan tunani tun kafin a sa hannu a takarda. In na fahimce ki da kyau, tambayoyi biyu ne a cikin maganarki. Ta farko, ko manhajar za ta iya tsare bayanan mutane daga masu kutse. Ta biyu, ko ku da kanku za ku iya aiki da ita ba tare da sirrin mara lafiya ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Ta farkon kamfanin zai yi ta ba ku amsarta, don hajarsa ke nan. Ta biyun kuwa sai ku, kuma a wajenmu ita ce ta fi nauyi. Shawarata ita ce ku karɓa, amma kada a yi wa kowa rajista sai an san wanda ke riƙe da wayar da saƙon zai sauka a cikinta.

Saboda masu karatu da ba su taɓa gani ba, abin da ake magana a kai shi ne fotal na marasa lafiya, wato shafi ko manhaja da ke haɗe da kwamfutar da asibiti ke adana fayil ɗin jinya. Mutum zai shiga da lambar wayarsa da kalmar sirri, kamar yadda ɗalibai ke shiga na JAMB su duba sakamakon jarrabawa. A ciki zai ga gwaje-gwajen da aka yi masa, da magungunan da aka rubuta, da ranar da zai dawo, wani lokaci har da kuɗin da ake bin sa.

Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin a Amurka da Turai sun gina shi ne a kan zaton cewa kowa yana da wayarsa shi kaɗai, lambarsa tana shekaru ba ta canza ba, yana kuma karanta harshen da aka rubuta sakamakon da shi. Ke kin fi ni sanin matan da ke cika benci ranar awo. Akwai wadda ta taso daga wajen Dukku ko Nafada ba ta da waya sam. Akwai mai 'yar ƙaramar waya da ba ta hawa intanet. Akwai wadda babbar wayar gidan tana aljihun maigida ko babban ɗa, sai da dare take ganinta. Wata Fulatanci ne bakinta, wata Tangale, wata Tera, takardar kuma da Turanci. Manhajar ba ta san da duk wannan ba, ku ne za ku cike giɓin.

Duk da haka, gaskiyar kamfanin ne da ya ce ta fi WhatsApp. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya tsakanin waya da waya, wannan ba a musu. Matsalar tana bakin hanya biyu. Hoton sakamakon yana zaune a wayar ma'aikacin ɗakin gwaji, wadda 'ya'yansa ke wasa da ita, wadda kuma zai tafi da ita ranar da ya bar aiki. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ya kai takardar wata mata hannun baƙo. Kuma babu inda aka rubuta wa ya tura, wa ya buɗe. A fotal mai kyau bayanan suna zaune a rumbun asibiti, duk wanda ya buɗe ana rubuta sunansa da lokacin, kuma ana iya rufe wa mutum hanya a take.

Abin da doka ta ɗora muku

Tun kafin kwamfuta ta shigo asibiti, rufin asirin mara lafiya amana ce da addini da ƙa'idar aiki suka ɗora mana, Bahaushe ma ya ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu kuma akwai rubutacciyar doka, kuma ya kamata mai asibitin ya san da ita kafin ya biya kuɗin manhaja. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk wani bayani game da lafiyar mutum, ko maganin da aka yi masa, ko ma kwanciyarsa a asibiti, sirri ne. Ba a fitar da shi sai in shi ya yarda a rubuce, ko kotu ta ba da umarni, ko wata doka ta wajabta, ko iyaye da masu riƙo sun nema a madadin yaro ko wanda ba zai iya yanke wa kansa shawara ba, ko kuma ɓoyewar za ta jefa jama'a cikin babban haɗari. Shi ya sa in aka samu zazzaɓin Lassa ko kwalara muke sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ba tare da jiran izinin kowa ba. Sashe na 29 ya ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana wanda ba shi da hurumi kaiwa ga fayil, kuma saɓa masa na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar Naira 250,000, ko duka biyun. Ki lura, Hajiya, a jerin nan babu inda aka ce miji, ko uba, ko wanda ya biya kuɗin magani, yana da ikon duba fayil ɗin baligi mai hankali kai tsaye. Akwai kuma dokar 2014 da ta hana tsangwamar masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ita ma ta haramta bayyana matsayin mutum ba da yardarsa ba.

Ta baya-bayan nan ita ce Dokar Kare Bayanan Jama'a da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanan jama'a ta ƙasa, wato NDPC. Ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar tsaro na musamman. A idonta asibitinku ne mai riƙe da bayanan, kamfanin manhaja ɗan aikinku ne, don haka in bayanan suka fita ku za a fara tambaya. In aka yi kutsen da zai iya cutar da mutane, awa 72 kuke da ita ku sanar da hukumar daga lokacin da kuka sani. Tara kuwa tana iya kaiwa Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga waɗanda aka ɗauka manyan masu riƙe bayanai, sauran kuma miliyan 2 ko kashi 2 ɗin, duk wanda ya fi yawa.

Wayar gida

Nan ne zan fi daɗewa, don a nan ɓarnar ta fi faruwa. Na taɓa duba wata baiwar Allah da ta yi watanni ba ta je karɓar maganinta ba har jikinta ya lalace. Da muka zauna da ita sai ta ce saƙon tunatarwa ne daga asibitin da take zuwa ya sauka a wayar ƙanin mijinta, ɗauke da sunan sashen da ake duba ta. Tun ranar ba ta sake taka asibitin ba. Babu ɗan kutse a cikin labarin nan, babu wanda ya saci kalmar sirri. Lamba ce kawai aka rubuta a ɗakin kati ba a tambayi ta wace ce ba.

Saboda haka rajistar fotal ba aikin tagar ɗakin kati ba ne, inda mutum goma ke tsaye a baya suna ji, miji kuma yana gefe da kuɗi a hannu. A yi ta a ɗakin awo, lokacin da mace take ita kaɗai da ungozoma. A tambaye ta cikin natsuwa: wannan lambar ta wace ce, wa da wa ke taɓa wayar, kuma in saƙon asibiti ya shigo wani ya gani, da damuwa? Sannan a shimfiɗa mata zaɓi. Tana iya cewa a buɗe mata komai. Tana iya cewa ranar dawowa kawai take so a riƙa tuna mata. Tana iya cewa ba ta so gaba ɗaya, kuma wannan bai rage mata komai a kulawar da za ta samu ba. Abin da ta zaɓa a rubuta a takardar yarda da Hausa, a karanta mata da baki, ta sa hannu ko ta dangwala.

Kada wani ya fahimce ni a karkace. Mafi yawan mazan da muke gani su ke kawo matansu, su ke biya, su ke kwana a barandar asibiti, kuma mata da yawa da kansu za su ce a tura wa maigida don shi ke karantawa. Wannan abu ne mai kyau, ba kuma aikinmu ba ne mu shiga tsakanin miji da mata. Abin da nake cewa shi ne ita ce za ta faɗa da bakinta, kuma hanyar da ta dace ita ce a buɗe wa mijin nasa asusun a matsayin wakili, da tasa kalmar sirri, maimakon su riƙa amfani da ɗaya. Amfaninsa biyu ne. Ana iya iyakance abin da wakili zai gani, misali ranakun awo da lissafin kuɗi ban da bayanan likita. Kuma ranar da ta ce a rufe, ko aure ya mutu, sai a rufe nasa ba tare da an taɓa nata ba. In manhajar da aka kawo muku ba ta da tsarin wakili, to ba ta dace da asibitin haihuwa a Gombe ba, ko da kyauta za a ba ku.

Maganar ba ta mata kaɗai ba ce. Magidanci mai mata biyu da ya yi gwajin haihuwa, wayarsa kuma tana kwana yau a wannan ɗaki gobe a wancan, shi ma yana da abin rufewa. Dattijon da ɗansa ke riƙe masa waya yana da haƙƙin ya ji ciwonsa daga bakin likita kafin 'ya'yansa su yi ta kiran juna a kai. Yaron da iyayensa ke duba masa fayil, ranar da ya cika shekara 18 sai a rufe nasu a tambaye shi abin da yake so.

Saƙon tes da manhajar ke turawa kuwa, ku karanta shi da idonku kafin a kunna. Kada ya ƙunshi sunan ciwo, ko sunan gwaji, ko sunan sashe, ko sunan magani. "Kina da saƙo daga asibiti" ya wadatar, don abin da ya bayyana a fuskar waya kowa na iya gani ko da wayar a kulle take.

Sai batun layin waya. Kamfanonin sadarwa suna da ikon sake sayar da layin da ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, kuma kin tuna yadda aka rufe layuka da yawa a 2024 saboda rashin haɗa su da lambar NIN, mutane suka yi ta canza lamba. Lambar da mace ta ba ku a cikinta na fari tana iya zama ta wani ɗan kasuwa a Kumo lokacin da ta dawo da na biyu. In fotal ɗin yana tura lambar shiga ta tes, to duk mai riƙe da layin shi ne mai fayil ɗin. Maganin wannan mai sauƙi ne amma sai da naci: duk zuwa a sake tabbatar da lamba, ranar rajista kuma a tura lambar gwaji a ga ta shigo wayar da ke hannunta nan take. Wanda ya kira ta waya ya ce a canza masa lamba ko kalmar sirri, a ce ya zo da kansa da katinsa.

A kuma ja kunnen marasa lafiya a kan abubuwan yau da kullum. Wayar da ake bari a shagon caji ko wajen mai gyara ta kasance da makulli, kuma a fita daga fotal ɗin bayan an gama dubawa. Kada a ba yaron shagon intanet kalmar sirri ya buga wa mutum takarda, ku buga masa a asibiti. Kalmar sirri kada ta zama shekarar haihuwa, kada kuma ma'aikaci ya zaɓa wa mutum ita ya rubuta a bayan kati. Mutanenmu sun riga sun sha wuya a hannun masu kira da sunan banki suna neman lambar BVN, don haka za su gane in kuka ce musu asibiti ba zai taɓa kira ya nemi lambar da aka turo musu ba.

Wane sakamako ne zai fita, kuma yaushe

A Amurka, tun watan Afrilun 2021 ƙa'ida ta tilasta wa asibitoci sakin sakamako ga mara lafiya ba tare da jinkiri ba, har ya zama mutane suna ganin labarin cutar kansa (ciwon daji) a wayarsu kafin likita ya kira su. Manhajar da ake sayar muku tana iya zuwa da wannan saitin: da zarar ɗakin gwaji ya shigar, sai ya bayyana. Abu na farko da za ku sa kamfanin ya canza ke nan.

Ni ga yadda nake raba su a aikina. Gwaje-gwajen yau da kullum, irin su yawan jini, da zazzaɓin cizon sauro, da suga, da fitsari, suna iya fita bayan likita ya duba ya ƙara layi ɗaya da Hausa mai sauƙi: jininki ya ɗan yi ƙasa, ki ci gaba da shan maganin ƙarin jini, mu haɗu ranar awo. Wannan layin yana da muhimmanci ƙwarai, domin takardar gwaji tana sa jan rubutu a kan duk abin da ya ɗan kauce wa ma'auni, alhali mai ciki jininta kan ɗan sauka saboda ruwan jikinta ya ƙaru. In babu bayani, sai ta kwana da fargaba, ko ta nufi kemis a haɗa mata abin da ba ta buƙata.

Akwai kuma waɗanda ba na yarda mutum ya fara ganin su a waya ko da shi ya nema: cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta nau'in B da C, sakamakon tsokar da aka yanka don binciken cutar kansa, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, gwajin rashin haihuwa, bayanan lafiyar ƙwaƙwalwa, da na tazarar haihuwa. Dalilin ya wuce rufin asiri. Gwajin farko na cuta mai karya garkuwa in ya nuna alama, sai an tabbatar da wani gwajin daban kafin a ce mutum yana ɗauke da ita. Wanda aka ga alamar ciwon hanta B a jininsa, sai an ƙara bincike kafin a san ko yana buƙatar magani yanzu ko sa ido kawai, kuma da yawa suna rayuwarsu lafiya lau. Mutumin da ya ga kalma ɗaya ta Turanci da tsakar dare shi kaɗai ba shi da mai gaya masa wannan. Irin waɗannan a kira shi ya zo, a zauna da shi, in an gama ya ce yana so a sa masa a fotal sai a sa. Fayil ɗin haƙƙinsa ne, ba a hana shi, lokacin da hanyar kawai ake gyarawa.

Gwajin kafin aure ma a cire shi daga fotal. Kowanne a ba shi nasa hannu da hannu, da hatimi da sa hannun likita, don takardar da aka sauke a waya ana iya sauya mata rubutu, kuma in rikici ya tashi tsakanin dangi biyu sunan asibitinku ne a samanta.

Sakamakon da ke nuna haɗari na kusa, kamar jinin da ya yi ƙasa sosai ko ƙodar da ta fara gazawa, wannan kiran waya ne nan take, a kuma rubuta wa aka samu da ƙarfe nawa. Sa shi a fotal ba ya sauke nauyi, domin babu tabbacin an buɗe.

Wani abu da masu manhaja daga nesa ba sa hangowa shi ne sunayenmu. Ki duba rajistarku ki ga Aisha Muhammad nawa ne, Fatima Abubakar nawa, kuma nawa ne a cikinsu aka rubuta wa 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa don ba a san ainihin ranar ba. A takarda, in aka haɗa fayil ɗin wata da na wata, ungozoma kan gane da ta ga fuska. A fotal kuwa sakamakon ya riga ya isa wayar wata. Kada a saki komai sai an daidaita lambar kati da suna da wani abu na uku, kamar unguwa ko sunan miji.

Akwatin saƙo ba ɗakin gaggawa ba ne

Da kun buɗe hanyar turo tambaya, mutane za su ɗauka akwai likita zaune yana jira dare da rana. A rubuta ɓaro-ɓaro a saman shafin, a kuma faɗa da baki ranar awo, cewa ana amsa saƙo cikin kwana biyu na aiki, ko duk wa'adin da kuka san za ku iya cikawa. Mai ciki da ta ga jini, ko ruwa ya fashe mata, ko ta ji ɗan ya daina motsi, ko take ciwon kai mai tsanani da kumburi da gani dishi-dishi, ta taho asibiti ko da ƙarfe nawa ne. Haka yaron da ke jijjiga, haka wanda maciji ya sara, wanda mutanen yankin Kaltungo sun fi kowa sanin cewa mintoci ake ƙirgawa.

A ware mutum ɗaya da sunansa a jadawalin kowace rana wanda zai buɗe akwatin, da wanda zai karɓe shi in yana hutu. Duk amsar da aka bayar ta shiga fayil. Ni ba na rubuta sabon magani ta saƙo ga wanda ban duba ba, kuma in tambaya ta kai sau biyu ana kai da komo, cewa nake ya zo. In ba ku da isassun hannu, ku kashe sashen saƙon gaba ɗaya, ya fi a bar shi a buɗe babu mai dubawa.

Ma'aikata da kamfani

A asibitoci da yawa za ki tarar da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya kowa ke shiga da su, an ma manna su a jikin kwamfuta. Da haka rajistar masu buɗewa ta tashi a banza. Kowane ma'aikaci ya samu nasa, kuma ya ga iyakar abin da aikinsa ke buƙata: mai karɓar kuɗi ba ruwansa da sunan ciwo, mai ba da kati ba ruwansa da sakamakon gwaji. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibar da ta gama wa'adinta, a rufe asusunta ran da ta yi sallama. Garinmu kowa ya san kowa, kuma abin da ya fi kai ma'aikaci ga fayil ɗin da ba nasa ba shi ne son jin labarin maƙwabciya, ko matar ɗan'uwa, ko wani sananne da aka kwantar. Ke da kanki, Hajiya, ki riƙa zama duk wata ki duba rajistar, ki kuma bari kowa ya san kina dubawa. A abin da na gani, sanin hakan kaɗai yana rage leƙe-leƙe sosai.

Masu kutse ma ba tatsuniya ba ne. A watan Fabrairun 2024 an shiga kamfanin Change Healthcare na Amurka da kalmar sirrin da aka sata, ta wata hanyar shiga da ba a sa mata tabbatarwa ta biyu ba, bayanan mutane kusan miliyan 190 suka fita. A ƙasar Finland, a 2020, wanda ya saci bayanan wata cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa mai suna Vastaamo ya bi marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya yana neman kuɗi ko ya watsa abin da suka faɗa wa likitocinsu. Mutum sama da 30,000 abin ya shafa, cibiyar kuma ta durƙushe. Darasin da ya shafe ku kai tsaye shi ne duk ma'aikacin da zai shiga, bayan kalmar sirri sai ya sa wata lamba ta biyu da ke zuwa wayarsa, kuma kwamfutocin asibiti a riƙa sabunta su, a daina soka musu filashin ajiyar bayanai na kowa da kowa.

Kafin a sa hannu, ku sa kamfanin ya amsa muku a rubuce. A ina rumbun bayanan yake, a Najeriya ko a waje, tunda dokar 2023 ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane ƙetare? Su waye a cikin ma'aikatansu ke iya buɗe fayil ɗinku? Sau nawa ake ajiye kwafi, kuma an taɓa gwada dawo da shi an ga yana aiki? In an yi musu kutse, cikin awa nawa za su gaya muku? In kun rabu, ko kamfanin ya rufe, ta yaya za ku karɓi bayananku cikakku, su kuma su goge nasu? A rubuta ƙarara cewa ba za su sayar ba, ba za su yi talla da su ba. A 2022 an gano wasu asibitocin Amurka suna da wata 'yar manhajar talla ta Facebook a shafukansu tana kwasar bayanan masu kama layin ganin likita, wasu ma har a cikin fotal ɗin da ake shiga da kalmar sirri. Kamfanin da ya yi ta kwana-kwana a kan waɗannan tambayoyi, ku nemi wani.

Kada kuma ku jefar da takarda. Wuta tana ɗaukewa, sabis yana yankewa, sola ma tana gazawa in hadari ya daɗe. Katin awo da mace ke riƙewa a hannu ya ci gaba da aiki, don shi za ta nuna in naƙuda ta kama ta a ƙauye aka kai ta wani asibitin.

Da ni ne a wurinku, da kaɗan zan fara. Wata uku na farko kama layi da tunatarwar ranar dawowa kawai, da mutanen da suka nuna suna so kuma wayarsu tasu ce, irin masu hawan jini da ciwon suga da ke zuwa duk wata. In an ga inda ake tuntuɓe an gyara, sai a ƙara sakamakon yau da kullum. Sashen saƙo ya zo a ƙarshe. A duk tsawon lokacin a tabbata wadda ba ta da waya ba ta koma ƙarshen layi ba saboda masu fotal sun kame lokutan safe. A ware mata nata gurbin.

Akwai inda duk waɗannan matakai ba sa kaiwa. Babu saitin da zai hana a ɗauki hoton fuskar waya a tura wa wani, babu kuma wanda zai hana a tsaya a kan mace a ce ta buɗe a gani. In ungozoma ta fahimci mace tana cikin irin wannan hali, mafi aminci shi ne kada a buɗe mata asusu ko kaɗan, a ci gaba da gaya mata komai baki da baki, in an tambaya kuma a ce tsarin asibiti ne. Sannan ni likita ne, abin da na kawo na doka don ku san inda nauyi yake ne. Yarjejeniyar kamfanin, da takardar yardar marasa lafiya, da batun ko girman asibitinku ya kai ku yi rajista da NDPC, ku kai wa lauyan da ya san dokar 2023 ya duba kafin mai asibitin ya biya ko sisi.